Littafin aiki: samfurin Stonehenge da tarihin gyaransa

11 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne ƙera ƙaramin samfurin Stonehenge, da'irar tsayayyun duwatsun nan da ke filin Salisbury a lardin Wiltshire, kudancin Ingila. Ba irin wanda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido nake nufi ba. Ina son wanda zai nuna, dutse bayan dutse, wanne ne yake tsaye tun da maginan farko suka kafa shi, wanne ya faɗi aka tayar, wanne ya karkace aka miƙe shi, kuma a wace shekara.

Ma'aunin da na tsayar shi ne santimita 2 a madadin kowace mita. Faɗin da'irar manyan duwatsun kusan mita 33 ne, ke nan santimita 66 a kan falanki. Ginshiƙan da'irar sun ɗara mita 4 a tsaye, za su fito santimita 8 da ɗan kai. Ganuwa da ramin da suka kewaye wurin, waɗanda su ne mafi tsufa tun wajen shekara ta 3000 kafin Miladiyya, faɗinsu ya haura mita 100. In na ce sai na sa su, falankin ba zai shiga ɗaki ba, don haka na bar su.

Duwatsun iri biyu ne. Manyan, da ake kira sarsen, an kafa su wajen 2500 kafin Miladiyya: ginshiƙai 30 a da'ira, da linta 30 a kansu haɗe da juna, sai a ciki manyan ƙofofi biyar, kowacce ginshiƙi biyu da linta ɗaya, an jera su da siffar kofaton doki. Ginshiƙi ɗaya kan kai tan 25. Ƙananan kuwa, shuɗɗan duwatsu, daga tsaunukan Preseli na ƙasar Wels aka ɗauko su, tafiyar kusan kilomita 240.

Sauƙin da na samu shi ne kowane dutse yana da lamba. Flinders Petrie, wanda daga baya ya yi suna a tonon tarihin Masar, shi ya auna wurin a shekarun 1870, ya fitar da taswirarsa a 1880, kuma da lambobinsa ake aiki har gobe. Ginshiƙan da'ira daga 1 zuwa 30, na manyan ƙofofi daga 51 zuwa 60, linta kuma ana ƙara 100 a kan lambar ɗaya daga ginshiƙan da ke ɗauke da ita. A yau ginshiƙai 17 ne ke tsaye a da'irar da linta shida a kansu. Ƙofofi uku cikakku ne, biyu kuma saura ginshiƙi ɗaiɗai, wato 56 da 60.

26 ga Janairu

Na fara murza ginshiƙan da yumɓu, ina rubuta lambar kowanne a gindinsa kafin ya bushe.

Sai da na zo ɗora linta na fahimci irin wahalar da mutanen nan suka ɗora wa kansu. Ba ɗora dutse suka yi a kan dutse kawai ba. A saman kowane ginshiƙi sun sassaƙa tsiro, a ƙarƙashin linta sun fafe gurbin da tsiron zai shige, sannan a bakin kowace linta akwai harshe da ke shiga kwarmin ta kusa da ita. Haɗin kafintoci ne zalla, an yi shi a jikin dutsen da ya fi yawancin duwatsu tauri, ba da ƙarfe ba, da wasu dunƙulallun duwatsu da ake dandaƙa da su. Kowace linta an ɗan lanƙwasa ta don ta bi da'ira, kuma saman da'irar a miƙe yake ɗoɗar duk da cewa filin yana da ɗan gangara.

Wannan haɗin yana da amfani ga tarihin gyara. Linta ba ta zama ko'ina sai inda guraben ta suka dace da tsiron ginshiƙi, don haka mai mayar da ita ba shi da wurin yin son rai sosai.

9 ga Fabrairu

Kafin tarihin tayarwa, sai an bi tarihin faɗuwa. Na tattara tsofaffin zane-zane ina jera su bisa shekara.

Babbar ƙofa ta tsakiya, 55 da 56 da lintarsu 156, ta daɗe da rushewa. Ginshiƙi na 55 yana kwance ya rabe biyu, shi da lintar sun danne Dutsen Bagade da ke tsakiya. Dalilin a gindi yake. Tsawon 56 ya kusa mita 9, fiye da mita 2 na binne. Abokin tsayuwarsa bai kai shi tsawo ba, sai maginan suka rage zurfin raminsa don kawunan su zo daidai. Wanda ba shi da gindi shi ya fara tafiya. A 1620 Duke na Buckingham ya sa aka haƙa wani ƙaton rami a tsakiyar wurin, kuma John Aubrey, wani mai binciken kayan tarihi na ƙarni na 17, ya ɗora wa wannan haƙa laifin kishingiɗar babban dutsen.

Faɗuwar da aka rubuta ranarta biyu ce kafin ƙarni na 20 ya kama. Ranar 3 ga Janairu, 1797, ƙanƙarar da ta daskarar da ƙasa ta narke farat ɗaya, ƙasa ta yi laushi, ƙofar 57 da 58 da 158 ta kife gaba ɗaya ta waje. An ruwaito cewa masu huɗa a gonakin da ke nesa sun ji ƙasa ta girgiza. Sai daren 31 ga Disamba, 1900, guguwa ta kayar da ginshiƙi na 22, lintarsa 122 ta faɗo ta karye biyu.

Wanda ya kalli zanen da John Constable ya yi a 1835 zai ga wani Stonehenge dabam: duwatsu a kwance barkatai, wani dogo ya sunkuya kamar zai faɗi yanzu. Haka wurin yake a idon duk wanda ya je can a ƙarni na 19. Tun 1881 ma aka fara tokare wasu ginshiƙan da gungumen katako. Shawarar da na yanke ita ce duk dutsen da ya motsa bayan 1797 ba zan manne shi ba. Zan bar shi a cire a mayar, yadda za a iya kwantar da samfurin ya koma kamannin kowace shekara.

1 ga Maris

Na kai 1901, kuma a nan tsarin aikin ya canza.

Faɗuwar 22 ta tayar da hankalin masana a Landan. Wurin a lokacin mallakar mutum ɗaya ne, Sir Edmund Antrobus. An sa Stonehenge a jerin dokar kare kayan tarihi ta 1882, amma dokar ba ta tilasta wa mai fili komai ba, iyalan Antrobus kuma ba su miƙa shi ga hukuma ba. A 1901 ya kewaye wurin da waya, ya sa kuɗin shiga sule ɗaya, mutane suka yi ca, har magana ta kai kotu, ya kuma yi nasara a 1905. Amma ya yarda a gyara dutse ɗaya, na 56, wanda ya sunkuya ƙwarai, yana jingine da wani ƙaramin shuɗin dutse mai lamba 68, ga kuma tsaga a jikinsa.

Mai zanen gine-gine Detmar Blow ne ya kula da aikin, tonon kuma aka damƙa wa William Gowland. Shi Gowland asalinsa masanin ƙarafa ne, ya yi shekaru yana aiki a gidan buga kuɗi na Osaka a Jafan, a can ya ƙware wajen binciken tsofaffin kaburbura. A watan Satumba aka ɗaure dutsen cikin keji na katako, aka riƙa jan sa da igiyoyin ƙarfe kaɗan-kaɗan, ana ja ana tokarewa, har ya miƙe, aka zuba masa kankare a gindi.

Abin da ya sa nake ganin girman Gowland shi ne yadda ya yi da ƙasar da ya tona. Ɗan wuri kaɗan ya buɗe, iya abin da aikin ke buƙata. Ya kafa wani firam mai ma'auni a kan ramin, duk abin da ya fito a rubuta inda yake da zurfinsa. Ƙasar kuwa duk sai da aka tankaɗe ta. Ya samo duwatsun dandaƙa da ƙahonin barewa da aka haƙa ramukan da su, bai ga kayan aikin ƙarfe ba sai ɗan tabon tagulla a jikin wani gutsuren dutse, daga nan ya ƙiyasta cewa an yi ginin wajen 1800 kafin Miladiyya. Ya rage shekaru ɗari bakwai, amma a zamanin da ba a ƙirƙiro gwajin kabon da ke gano shekarun tsohon abu ba, ga shi wasu na ta danganta wurin da Rumawa, wannan ba ƙaramar kusanta ba ce. Kuma bai yi nauyin jiki ba, a 1902 rahotonsa ya fito.

Duk da haka akwai abin da ya kauce. Masu bincike na baya sun lissafa cewa wajen miƙewar, dutsen ya gusa da kusan rabin mita daga mazauninsa na asali. A samfurina santimita ɗaya ne kacal. Sai dai an gina Stonehenge ne a kan layin fitowar rana a rana mafi tsawo ta shekara da faɗuwarta a rana mafi gajarta, kuma ta tsakanin 55 da 56 ne ranar hunturu ke faɗuwa. Duk mai auna wannan layi da 56 yadda yake a yau dole ya sa gyaran 1901 cikin lissafi.

Nan na gane cewa samfurin da ya tsaya a fuskar ƙasa rabin labari zai bayar. Gyaran duk a gindi aka yi shi. Zan yi falanki hawa biyu: na sama shi ne fili, ginshiƙai su ratsa shi su leƙo ƙasa, a buɗe gefe yadda za a iya sunkuyawa a ga gindin kowanne. Jikin dutse zai zauna da launinsa, gindin ne zai sha fenti: ja na 1901, ruwan ɗorawa na 1919 zuwa 1920, kore na 1958 da 1959, baƙi na 1964. Wanda yake zaune cikin raminsa na asali a ƙasar alli ta filin, fari zan bar shi.

8 ga Maris

Na kai wa kafinta zanen falankin. Ya juya takardar, ya ce, “Malam, wannan teburi ne ko akwati?” Na ce duka biyun. Zai huda ramukan bisa taswirar Petrie da na buga daidai ma'auni na manna a kai. Sai ya gama zan ci gaba da kafa.

30 ga Maris

Falanki ya iso, ramukan sun zauna. Na shafa ja a gindin 56, na koma kan ruwan ɗorawa.

Magajin Antrobus ya mutu a fagen yaƙi a 1914, uban ya bi shi a 1915, aka yi gwanjon gandun. Ranar 21 ga Satumba, 1915, wani mutumin yankin, Cecil Chubb, ya sayi Stonehenge a kan fam 6,600. A watan Oktoba na 1918 ya ba wa ƙasa kyauta, da sharaɗin kada kuɗin shiga ya wuce sule ɗaya, mutanen kewayen kuma su shiga ba biya. Sule ɗayan ya daɗe da zama tarihi, amma mazauna yankin har yanzu kyauta suke shiga.

Da wurin ya koma hannun gwamnati, Ofishin Ayyuka ya zo ya tarar da ginshiƙai sun karkace, katako na riƙe da su. A 1919 da 1920 aka sauke lintar da ke kan 6 da 7, aka miƙe su da jak, aka zaunar da su cikin kankare, aka mayar da lintar. Haka aka yi wa 29 da 30 da 1 da 2, waɗanda ke fuskantar arewa maso gabas, wato fuskar da aka fi ɗauka a hoto. Ginshiƙai shida ke nan na ruwan ɗorawa. Babu wanda aka tayar daga kwance a wannan zagayen, rigakafi aka yi.

Wanda aka sa ya tona gindin duwatsun kafin a zuba kankare shi ne Kanar William Hawley. Da aikin gyara ya tsaya shi bai tsaya ba, ya ci gaba da tono har 1926, sau da yawa shi kaɗai, har ya buɗe kusan rabin wurin. Ya tona 32 daga ramuka 56 da ake kira Ramukan Aubrey, ya gano wasu layuka biyu na ramuka a wajen da'irar, har ma ya ci karo da kwalbar giya da wani mai tono, William Cunnington, ya bari a ƙarƙashin wani dutse fiye da shekaru ɗari kafin nan. Mutum ne mai haƙuri, yana rubuta littafin aikinsa, yana fitar da taƙaitaccen rahoto. Amma ya buɗe fiye da abin da zai iya fassarawa. Tarin abubuwan da ya ga ba su da daraja sake binne su aka yi. Ƙonannun ƙasusuwan mutane da ya tono, da ba a sami gidan tarihin da zai karɓa ba, a 1935 aka zuba su cikin buhuna aka binne a Ramin Aubrey na 7, duk a cakuɗe. Sai a 2008 aka sake tono su aka yi musu gwaji, suka tabbatar da cewa Stonehenge makabarta ce babba tun farkonsa. Da kowane ƙashi yana tare da bayanin raminsa, da abin da za a sani ya ninka haka.

Ra'ayina ya fara tsayawa a nan. Mutane kan ji an ce kankare su yamutsa fuska, amma kankare ba shi ne babbar asara ba. Ramin da ginshiƙi ke zaune a ciki shi ne shaidar ranar da aka kafa shi: ƙahon da aka yi haƙa da shi, duwatsun da aka cusa aka tokare shi, siffar gefen ramin da ke nuna ta ina aka zuro dutsen. Rami ba a tona shi sau biyu. Da zarar an kwashe shi an zuba siminti, abin da ya rage shi ne abin da mai tono ya rubuta. In ya rubuta da kyau an yi gyara, in bai rubuta ba an yi gyaran gangar Auzinawa.

20 ga Afrilu

Kore da baƙi. Wannan shi ne zagaye mafi girma.

Daga 1950 Richard Atkinson da Stuart Piggott da J. F. S. Stone suka karɓi tonon. Gawayin da suka samu a ɗaya daga Ramukan Aubrey shi ya ba da gwajin kabon na farko a wurin. A 1953 Atkinson yana ƙoƙarin ɗaukar hoton wani tsohon rubutu a jikin dutse na 53, hasken yamma ya faɗo a karkace, sai ga siffar wuƙa da gatura an sassaƙa, waɗanda dubban maziyarta suka wuce ba su gani ba.

A 1958 Ma'aikatar Ayyuka ta kawo wani ƙaton injin ɗaga kaya da aka ƙera don ɗaga jiragen sama. Aka tayar da 57 da 58, aka ɗora musu 158 bayan shekara 161 a kwance. Aka tayar da 22, aka haɗa lintar 122 da ta karye aka mayar da ita. Dutse na 58 yana da tsaga, sai aka huda shi wuri uku da injin mai bakin lu'ulu'u, aka zura sandunan ƙarfe, aka toshe bakin hudojin da gutsuren sarsen. A 1959 aka miƙe 4 da 5 da 60. Shi 60 yana da ƙaton kogo a gindinsa, aka cike shi da kankare kamar yadda ake cike ruɓaɓɓen haƙori, kuma ba a ɓoye cikon ba, kowa ya zagaya bayansa zai gani. A watan Maris na 1963 ginshiƙi na 23 ya faɗi. A 1964 aka tayar da shi, aka kuma kafe 27 da 28 da ƙofar 53 da 54 cikin kankare. Daga nan ba a sake tayar da wani dutse ba.

Hudojin 58 sun haifar da abin da ba wanda ya zata. Wani ma'aikacin kamfanin da ya yi hudar ya ajiye ɗaya daga sandunan dutsen da injin ya zaro, mai tsawon kusan mita ɗaya, ya tafi da ita Amurka. A 2018 ya dawo da ita. Yanzu ba a yarda a gutsiri komai a jikin duwatsun, amma wannan sanda an iya yanka ta a niƙa. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna cewa 50 daga sarsen 52 da suka rage sinadarinsu ɗaya, kuma ya dace da na dajin West Woods kusa da Marlborough, kilomita 25 arewa.

Da na gama fentin, 'yar ƙanwata ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin falankin. Ta ga launi ko'ina, fari 'yan ƙalilan. Ta ce, “Kawu, ashe duk na jabu ne?” Ba ita ta fara wannan tambaya ba, a 2001 jaridun Birtaniya sun yi ta yayata cewa an sake gina wurin an ɓoye wa jama'a. Na ce mata ta ƙirga duwatsun da ke kwance a saman falankin. Ga 55 da 156, ga 59 da lintarsa 160 kowanne a kakkarye, ga wasu da dama a gefen da'ira. Injin da ya ɗaga 57 zai iya ɗaga su, amma aka bar su. Waɗanda aka tayar su ne waɗanda aka san ranar faɗuwarsu, akwai zane ko awo da ya nuna su a tsaye, ramukansu kuma suna nan. Ba a kawo sabon ginshiƙi ko ɗaya daga waje ba. Wannan iyaka da suka ja wa kansu ta yi daidai da abin da Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta tanada game da kango: a haɗa sassan da suke nan, kada a ƙirƙiro waɗanda babu, abin da aka ƙara kuma ya zama ana gane shi.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya shi ne an daɗe ba a ba wannan tarihi wuri a bayanin da ake yi wa maziyarta. Inda ni nake da ƙorafi kuma dabam ne. Atkinson ya fitar da littafi don jama'a a 1956, amma cikakken rahoton tonon nasa bai fito daga hannunsa ba har ya rasu. Sai a 1995 wasu masana suka tattara takardunsa da na Hawley suka fitar da abin da za a iya tsamowa.

18 ga Mayu

Matsalar wannan watan ita ce duwatsun da babu su kwata-kwata, yawancinsu a kudu maso yamma. An daɗe ana gardama ko an taɓa kammala da'irar ta wannan ɓangare. Awon na'urar lesa da aka yi a 2011, wanda ya fito da sababbin siffofin gatura fiye da 70, ya nuna cewa duwatsun arewa maso gabas sun fi samun gyaran fuska, na kudu maso yamma an yi musu aikin gaggawa. Sai a watan Yuli na 2013 aka yi zafi, tiyon da ake ba ciyawa ruwa da shi bai kai wannan gefen ba, ciyawa ta bushe tabo-tabo daidai inda ake zaton ginshiƙan da suka ɓace. Wani ma'aikacin wurin ne ya lura. Shaidar ta ƙarfafa cewa aƙalla an haƙa musu ramuka.

Ba zan ƙera musu duwatsu ba. Na ari dabarar Alexander Keiller, attajirin da ya tono duwatsun Avebury da mutanen ƙauye suka binne tun ƙarnoni, ya sake tsayar da su a shekarun 1930. Inda ya sami rami babu dutse, sai ya kafa ɗan gajeren turken kankare wanda ba mai ɗaukarsa dutsen tarihi. Keiller ya fi masu gyaran Stonehenge ƙarfin hali nesa ba kusa ba, har gidaje aka rushe a ƙauyen don a buɗe filin, wannan kuwa ban goyi bayansa ba. Amma turakunsa gaskiya suke faɗa. A samfurina kan ƙusa zan sa a kowane gurbi.

15 ga Yuni

Na ƙara launi na biyar, kuma wannan karon a sama yake, ba a gindi ba. A watan Satumba na 2021 hukumar English Heritage, mai kula da wurin, ta kafa matakalan ƙarfe ta hau kan lintoci tara da ke sama. Simintin da aka cusa a mahaɗarsu a shekarun 1950 da 1960 ya fara farfashewa. Siminti ya cika tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, ruwa ya shiga ya maƙale, sanyi ya daskarar da shi ya buɗa tsaga. Aka ƙwaƙule shi aka sa kwaɓin farar ƙasa, wanda ke barin danshi ya fice, kuma in ya lalace a cire shi ba tare da ya ci dutsen ba. Wani yaro ɗan shekara takwas, ɗan babban jami'in da ya jagoranci aikin 1958, ya jefa tsabar kuɗi ƙarƙashin ɗaya daga duwatsun a wancan lokaci. A 2021 aka gayyato shi da furfurarsa ya sa tsabar fam biyu cikin sabon kwaɓin. Ɗigon farin fenti na sa a ƙarƙashin kowace ɗaya daga lintocin nan tara.

Katin bayanin Dutsen Bagade na sake shi. Tsofaffin littattafan da nake aiki da su sun ce daga Wels yake, amma binciken da aka wallafa a watan Agusta na 2024 ya nuna cewa wannan dutse mai tan shida daga arewa maso gabashin Sikotland ya fito, nisan da ya haura kilomita 700. A samfurin da ƙyar ake hango shi, domin 55 da 156 na kwance a kansa, kuma haka zan bar su.

Sarsen sun kammala, sun bushe, kowanne na gurbinsa. Saura shuɗɗan duwatsu, 43 da suka rage daga kusan 80, waɗanda tun a zamanin maginan an sha cire su ana sake musu jeri. A wannan ma'auni wasunsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, yumɓu kuma na karyewa in ya yi siriri haka, don haka da katako zan sassaƙa su. Zan fara da 68, in bar shi a karkace yadda nauyin 56 ya tura shi kafin 1901. Bayan su sai zanen iyakar wuraren da Gowland da Hawley da Atkinson suka tona, wanda zan yi a kan gilashin roba in shimfiɗa a hawa na ƙasa.